Tambaya da Amsa: Yadda Linux ke ƙwato RAM daga rukunin ayyuka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwantena biyu na Docker (keɓaɓɓun wuraren gudanar da manhaja) a sabar guda, kowacce na saka mata iyakar gigabayit 4. Ta farko kullum tana manne da iyakarta amma lafiya lau take aiki. Ta biyu kuwa da ta kai iyaka sai ta mutu da lamba 137. Me ya bambanta su? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yawan RAM ɗin da suka riƙe ɗaya ne, amma abin da ke cikinsa daban. Kanel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke raba wa manhajoji kayan injin, yana yanka RAM ƙanana-ƙanana, kowane shafi kilobayit 4 a yawancin injuna, kuma yana rubuta kowane shafi a asusun rukunin da ya fara taɓa shi. Wannan rukunin shi ne cgroup, kowace kwantena da nata. Shafukan iri biyu ne. Akwai na fayil, waɗanda asalinsu ke kwance a faifai, kanel ya ajiye kwafi ne kawai don karatu ya yi sauri. Akwai kuma waɗanda manhaja ta ƙirƙira da kanta tana cikin aiki, ba su da asali a ko'ina.

Idan rukuni ya kai adadin da ke cikin memory.max, fayil ɗin da ke ɗauke da iyakarsa, manhajar da ta nemi ƙari ita ce za a tsayar, kanel ya shiga neman abin da zai saki a cikin rukunin. Ba ya yin gaggawa. A zagayen farko yana duba kashi 1 cikin 4096 na jerin shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba; in bai samu isasshe ba ya ninka, ya sake ninkawa, har ya kai ga duba jerin gaba ɗaya. Shafin fayil da ba a sauya ba, zubar da shi kawai ake yi. Wanda aka sauya sai an rubuta shi a faifai tukuna. Shafin manhaja kuwa ba shi da wurin zuwa sai suwap, wato filin faifai da aka ware don juye RAM. In babu suwap, kanel ba ya ma taɓa shi. Da zarar zagayen sun ƙare babu abin saki, sai ya kashe aikin da sigina ta 9, wato umarnin kashewa nan take. Ana ƙara 128 a kan lambar siginar, kuma 128 a haɗa da 9 shi ne 137 ɗin da kake gani.

Buɗe memory.stat na kowacce ka gwama layin anon (shafukan manhaja) da na file (shafukan fayil). Da alama ta farko file ne ya cika ta, ta biyu kuma anon. Amma a kula da layin shmem: duk abin da aka zuba a tmpfs ko /dev/shm, wato wuraren ajiye fayil a cikin RAM, ana lissafa shi cikin file, alhali ba shi da asali a faifai, don haka shi ma sai da suwap yake fita. Nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Shawararmu, kada memory.max ya tsaya shi kaɗai. Saka memory.high ƙasa da shi, misali 3500M. Rukunin da ya haura wannan ba a kashe shi, ana matsa masa da ƙwato ne, ana kuma jinkirta shi, jinkirin na iya kaiwa daƙiƙa 2 a lokaci guda. Sai dai in manhajar yoyon RAM take yi, to za ta koma rarrafe ne maimakon mutuwa, wanda wani lokaci ya fi muni. Saboda haka ka riƙa duba memory.pressure, ma'aunin lokacin da ayyuka ke ɓatawa wajen jiran RAM, wanda ya zo da Linux 4.20 a ƙarshen 2018. Layin full yana nuna kason lokacin da duk ayyukan rukunin suka tsaya cik suna jiran RAM.

Tambaya: Na ba rumbun bayanaina kariyar memory.low ta gigabayit 2, don kada a ƙwace masa wannan adadin cikin sauƙi, amma duk daren da aikin kwafe fayiloli ya gudana, da safe sai in tarar ya yi nauyi. Kariyar ba ta aiki ne? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Tana aiki, Malama, amma da sharaɗi. Tun Linux 3.3 a 2012, bayan aikin Johannes Weiner, babu sauran jerin shafuka guda na injin gaba ɗaya. Kowane rukuni da nasa, kuma idan RAM ta yi ƙaranci kanel yana bin rukunan daga sama zuwa ƙasa. Kariyar ma daga sama take gangarowa. Ɗa ba ya samun fiye da abin da uba ya samu. In hidimarki na ƙarƙashin system.slice, rukunin da systemd (mai kula da hidimomin injin) ke tara su a ciki, shi kuma MemoryLow ɗinsa, wato memory.low a saitin systemd, sifili ne, to gigabayit 2 ɗinki a takarda kawai suke. Ki saka wa system.slice ɗin aƙalla wannan adadin.

Abu na biyu, ki tuna wanda ya fara taɓa shafi shi ake rubuta wa. In aikin kwafen ne ya fara karanto fayilolin rumbun, shafukan a asusunsa suke, kariyarki ba ta rufe su ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗaure mai ɓarnar: ki ba aikin kwafen MemoryHigh=512M, sai ya riƙa zubar da nasa shafukan maimakon tura na wasu waje. Don tabbatarwa, ki rubuta adadin workingset_refault_file da ke cikin memory.stat na rumbun da dare da kuma safe. In ya yi tsalle, an kori shafukan da ake buƙata an sake karanto su. Akwai memory.min wanda kanel ba ya ketarewa ko kaɗan, amma in kika yawaita shi, kashe ayyuka zai maye gurbin ƙwato.

Tambaya: Wani ya ce in riƙa rubuta 3 a drop_caches, fayil ɗin da ke sa kanel ya saki RAM, kowace awa. Daidai ne? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: A'a. Wannan yana zubar da kwafin fayiloli na injin gaba ɗaya, mai amfani da marar amfani, sannan kowa ya koma faifai a lokaci guda. Tun Linux 5.19 a 2022 akwai memory.reclaim a kowane rukuni na cgroup v2. Rubuta 256M a ciki, kanel zai ƙwato wannan adadin daga rukunin kaɗai, yana farawa da shafuka mafi sanyi. In bai cika adadin ba zai dawo da kuskuren EAGAIN. Yi shi kaɗan-kaɗan, kana duba memory.pressure bayan kowane zagaye, ka tsaya da zarar avg10, matsakaicin daƙiƙa goma na baya, ya fara hawa. In kanel ɗinka 6.1 ne ko sama, duba /sys/kernel/mm/lru_gen/enabled ka ga ko an kunna MGLRU, tsarin da Yu Zhao na Google ya rubuta, wanda ke kasa shafuka bisa daɗewarsu ba a taɓa su ba, maimakon jeri biyu kacal na masu zafi da masu sanyi.