Hajiya ta ajiye maganin hawan jini, wai ta warke

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata shekarunta 71, tana shan amlodipine saboda hawan jini. Kwanan nan ƙafafunta suka fara kumbura, kuma in ta miƙe daga kan sallaya sai jiri ya kwashe ta. Yanzu ta ajiye maganin, ta ce tunda kanta ya daina ciwo ai ta warke. Mu ƙyale ta?

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kada ku ƙyale ta. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani ya wuce. Maganin ne ke danne shi, da an ajiye sai ya sake hawa, sau da yawa ba ciwon kai ba komai, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

Amma fa koken Hajiya gaskiya ne. Kumburin idon sawu sananne ne ga masu shan amlodipine, likita kan rage maganin ko ya canja wani. Jirin ne ya fi damuna. Idan tsoho ya miƙe da sauri, jinin kan sauka lokaci guda, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta karya ƙugu. Ta riƙa ɗan zama kafin ta tashi, ta dafa bango. A asibiti ku nemi a auna ta a zaune da kuma a tsaye.

In da hali ku sayi na'urar awo ta dantse. Ta huta minti 5, a auna safe da yamma har kwana bakwai, a rubuta a kai wa likita. Daga 140/90 zuwa sama, ya hau. In ya kai 180/120, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Sai tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Matan gida kan ce mini sun rage gishiri, alhali dunƙule huɗu ne a miyar kuka, shi ma ai gishiri ne. A ƙara daddawa da citta da tafarnuwa.

Ku kuma leƙa jakar Hajiya. Tsofaffinmu kan aiki jikoki kemis su sayo diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa, waɗannan kuwa suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda. Duk abin da kuka samu, har da na gargajiya, ku haɗa ku tafi da shi wurin likita cikin makon nan.