Bukukuwan Kaka a Jami'o'in Amurka

Tambaya: Malam, na fara karatu a wata jami'a a Amurka, kuma tun daga Satumba ake ta gayyata ta bukukuwa. Mene ne asalinsu, kuma wanne ya kamata in halarta? — Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Watanni ukun nan, Satumba zuwa Nuwamba, cike suke da bukukuwa domin jami'a matattara ce ta al'ummomi dabam-dabam. Yahudawa suna shiga sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, a Satumba ko farkon Oktoba, sannan a rana ta 10 su yi Yom Kippur, azumin kusan awa 25 ba ci ba sha. Kai da ka san azumi, ya dace ka sassauta wa abokin karatunka a ranar, kada ka matsa masa da aikin rukuni. 'Yan Sin suna bikin tsakiyar kaka ranar 15 ga wata na 8 a kalandarsu, Indiyawa kuma suna kunna fitilun Diwali a Oktoba ko Nuwamba.

A ganina, liyafar da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa ta zumunci ce, za ka iya zuwa ka gaisa ka ci abin da ya halatta, amma ka janye cikin ladabi idan an zo ɓangaren ibada.

Wanda nake so ka shirya wa sosai shi ne Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, domin ɗalibai suna watsewa gidajensu, kuma wuraren cin abinci da dama a jami'a sukan rufe. Ka tanadi abinci tun da wuri, kuma idan wani iyali ya gayyace ka, ka sanar da su tun kafin ranar cewa ba ka cin naman alade, ba ka shan giya.