Ɗakunan zaure ba na haya ba ne

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce me ya sa ɗakuna biyun nan na bakin zaure a gidanmu na Aboabo suke zaune babu ɗan haya, alhali ɗaki ya yi tsada a Kumasi. Tambayarka tana kan hanya, kuma gara da ka tambaye ni tun ina da rai.

Kakan mahaifinka, wanda ka ci sunansa shi ya sa iyayenka mata suke ce maka Baba, Ba'agale ne daga ƙasar Kano. Tun yana saurayi ya shiga ayarin Gwanja yana kora wa wani madugu jakuna. Su ɗauko kanwa da baƙin rini da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu har Salaga, wata da watanni a hanya, su koma da goro. A wancan zamani goro daga dajin Tonawa, wato Asantawa, yake fitowa, amma a Salaga ake cinikinsa. Da yaƙin sarauta ya watsa Salaga a 1892, fatake suka tarwatse, wasu Kete Krachi, wasu Kintampo. Shi ya gangaro Kumasi ne bayan Turawa sun kama Sarkin Asante Prempeh a 1896, hanyar daji ta buɗe wa mutanen arewa.

Ya iso ba shi da kowa. Wani maigida ne ya sauke shi, ya ci da shi, ya tsaya masa aka ba shi goro bashi. Da Allah ya buɗa masa, shi ma ya zama maigidan fatake. Ka fahimci wannan sana'a da kyau, don ita ce amsarka. Baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki, ba ya biyan tuwo. Maigida ne zai adana kayansa, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta da Asantanci, in aka yi ciniki ya karɓi la'ada. In mai saye ya gudu da bashi, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Jarinsa amana ce. Mahaifina ya ce ya sha ganinsa da asuba yana kwance huhun baƙo, yana tsince goron da ya fara lalacewa, yana canza ganye yana yayyafa ruwa, alhali mai kayan yana barci.

Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, ayari ya ja baya. Bai rufe ɗakunan ba. Almajirai suka shiga, da masu neman aiki a gonakin koko, da matafiya Makka. Ni kaina na ga ranarsu a 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Maƙwabta suka jibge akwatunansu a ciki, wasu sai bayan shekaru 'ya'yansu suka zo suka karɓa, ko allura ba ta ɓata ba.

Wasiyyarsa ce kada a karɓi ko kwabo a kan ɗakunan nan, kuma magada sun amince tsara bayan tsara. Ban ce babu matsi ba, na san kuɗin wuta da harajin gida suna kanku. To a gyara shagon baya a ba da shi haya, na yarda. Na zaure kuwa, rufin na hagu yana yoyo, a sake masa kwano kafin damina. In ka zo hutun Sallah ka taho da ƙannenka, mu zauna da gwaggonka, ita ta fi ni riƙe sunayen garuruwan da ya yada zango.