'Yar Jarida a Shari'ar Riƙon 'Ya'yana

Tambaya: Anti, ina zaune a Lids, Ingila. Ranar shari'ar riƙon 'ya'ya tsakanina da tsohon mijina, sai ga 'yar jarida a kotun iyali. Gabana ya faɗi. Asirina ya tonu ke nan?

Amsa: Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Tun 2009 'yan jarida ke shiga kotunan nan, amma kusan bakinsu a ɗaure. A Janairun 2023 aka fara gwajin barinsu su buga labari a Lids, Kadif da Kalayil. A 2025 abin ya game Ingila da Wels. Sharaɗi: ba sunanki, ba na yara, ba makarantarsu. Ni kam na fi yarda da alƙalin da ido ke kansa. Sai dai inda Hausawa 'yan kaɗan ne, kalmar "Bahaushiya" kaɗai tana iya fallasa ki. Ki sa lauyanki ya roƙi alƙali a ɓoye wannan ma.