Hukuncin haɗa man kawar da tamojin fuska a gida

Tambaya: Malam, shekaruna 46. Ina haɗa ruwan shafa fuska da kaina: ruwan wardi, gilisarin, hodar hayaluronik, bitamin C, da hodar kolajin da na saya a leda babu rubutu. An ce mini wannan canza halittar Allah ne. Kuma mata sun fara tambayata in sayar musu.

Amsa: 'Yar'uwa, gyaran fata halal ne, in don mijinki ne ma akwai lada. Inda na tsaya shi ne ledar nan da babu rubutu. Kolajin daga fatar dabba da ƙashinta ake ciro shi, na saniya, na kifi, ko na alade. Na kifi halal ne, na saniya sai yankakkiya, na alade haram. Naki ba ki san asalinsa ba, ki zubar. Ba ki yi asara ba, domin ƙwayoyinsa sun yi girman da ba sa ratsa fata, iyakarsa danshi a sama, gilisarin kuwa ya ishe ki wannan aikin. Shi ma gilisarin ki nemi na tsirrai.

Batun canza halitta kuwa, wanda ya faɗa miki ya ɗora aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, mai magana kan canza halittar Allah, da hadisin Ibn Mas'ud a inda ba gurbinsu ba. Abin da aka la'anta a hadisin shi ne zanen jarfa, fige gira da goge haƙora don buɗe wushirya, wato sauya surar gaɓa. Man shafawa me ya sauya? Ki bar shi mako biyu, fata ta koma yadda take. Furfura ta fi tamoji bayyana tsufa, amma ranar Buɗe Makka Annabi (SAW) ya yi umarni a rina furfurar Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, a guji baƙi. Ummu Salama ta ce suna shafa warsu, wani rawayan rini na tsiro, a fuska lokacin jego saboda tabo. Wanda ya haramta wannan, sai ya haramta man kaɗe da lalle.

Cutarwa ce za ta iya mayar da halal ɗinki haram. A mililita 100 na tafasasshen ruwa, hayaluronik giram 1 ne, gilisarin kada ya wuce giram 5 don yana danƙo, bitamin C giram 10, in ya fi haka yakan yi zafi. Ki zuba a kwalba mai duhu, domin haske da iska na lalata bitamin C. Da haɗin ya koma launin ruwan ƙasa, bitamin C ɗin ya mutu. Haɗin ruwa da babu sinadarin adanawa ƙwayoyin cuta na hayayyafa a cikinsa tun kafin ya yi wari, don haka ki yi kaɗan, ki sa a firji, kada ya wuce mako guda. Ki fara gwadawa a bayan kunne. Kada kowa ya ruɗe ki ki zuba man bilicin mai sitiroyid ko haidirokwinon. Sitiroyid na sirantar da fata, tamojin da kike gudu ya ƙaru. Mai ciki ta nisanci retinol, wani sinadarin da ake sawa a man kawar da tamoji.

Alwala ba matsala, ruwa na wanke shi.

Sayarwa kam, ki dakata. Abin da ke lalacewa cikin mako ba na kasuwa ba ne, sai kin koyi adanawa kin yi rajista da NAFDAC. In kin fara, ki rubuta duk abin da ke ciki, kuma kada ki yi alkawarin mayar da tsohuwa yarinya, algus ne.

Wallahu a'alam.