Tambaya da Amsa: Motata Tana Karkarwa a Silo, Shin Famfon Mai Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura ƙirar Toyota ta 1992, mai injin 22R-E, wadda nake dakon kayan gona da ita. Kwanan nan idan tana tsaye a silo sai injin ya riƙa karkarwa yana tsallake wuta, amma da zarar na taka totur na hau titi sai ta koma lafiya lau, ko da kuwa da kaya a bayanta. Idan ta yi zafi na kashe ta takan yi gardamar tashi, kuma ina jin warin fetur. Bakanikena ya canja fulogi da famfon mai amma ba ta daina ba, yanzu kuma ya ce famfon jabu ne, in sayo wani. In saya? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka saya tukuna, domin alamun da ka bayyana ba su nuna famfo ba. A silo injin yana shan fetur kaɗan ƙwarai, har famfon da ya gaji ma yakan iya wadatar da shi. Inda raunin famfo yake fitowa fili shi ne lokacin da mota ta ɗauki kaya ta fuskanci hawa, direba ya danne totur amma ta riƙa ja da baya tana shaƙewa. Motarka kuwa akasin haka take yi, kuma gardamar tashi da zafi haɗe da warin fetur sun fi nuna cewa mai yana shiga inda bai kamata ba, maimakon a ce ya yi ƙaranci.

Abin da zai raba gardama shi ne awon ƙarfin turin mai da geji, kuma abin takaici ne yadda ake sayen famfo biyu ko uku a gareji ba tare da an yi wannan awo ko sau ɗaya ba. Wannan injin ba shi da bakin da aka tanada don geji, saboda haka ana ɗaura shi ne a kan kusar bututun ƙaramin nozul na biyar, wanda yake fesa ƙarin mai lokacin tashin sanyi, ban da nozul huɗu masu fesa wa kowace silinda mai. Kafin a kwance kusar a cire kan batir, a naɗe wurin da tsumma domin mai zai yi tsartuwa, kuma kada a bar mai shan taba ko mai walda a kusa. Bayan an ɗaura geji an mayar da batir, sai a haɗa ramukan +B da FP na ƙaramin akwatin gwaji da ke cikin bonet da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba. Famfo zai fara aiki, kuma allurar gejin ya kamata ta tsaya tsakanin 38 da 44 psi (psi shi ne ma'aunin ƙarfin turi da ke rubuce a fuskar geji). Idan ta kai haka, famfon da ke cikin tankinka ba shi da laifi a wannan mataki. Idan ta gaza, a fara zargin toshewar filtar mai, wadda aka saƙale a jikin injin ƙarƙashin manifol (bututun da yake raba wa silinda iska), wuri mai wuyar kaiwa hannu, shi ya sa takan yi shekaru ba a taɓa ta ba, balle ga motar da take shan man bumburutu a ƙauye.

Daga nan a cire wayar a tayar da injin. A silo ƙarfin zai sauka zuwa tsakanin 33 da 37 psi, saboda iskar da manifol yake zuƙa tana jan fatar regileta, wato ɗan gwangwanin da yake daidaita ƙarfin turin mai, wanda ke ƙarshen bututun da yake raba wa nozul mai. A zare siririn tiyon da ke kansa: allura ta hau nan take zuwa 38 ko sama. A kuma leƙa cikin tiyon a shinshina, domin ya kamata a same shi a bushe ƙayau. Idan akwai danshin fetur, fatar regileta ta huje, kuma injin yana tsotsar ɗanyen mai ta wannan hanya, wanda a silo ya isa ya jiƙa fulogi, amma a guje sai ya ɓace cikin yawan iskar da ke shiga.

Awon da na fi ba muhimmanci a matsalarka shi ne na bayan kashe injin. Ya kamata allura ta ci gaba da nuna 21 psi ko fiye har tsawon minti biyar. Idan ta faɗi da sauri, mai yana tserewa ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku, kuma ana gano ta da matse tiyon roba a hankali. A sake cika ƙarfin, a matse tiyon da yake mayar da mai tanki. Idan allura ta tsaya, regileta ne. Idan ba ta tsaya ba, a matse tiyon da yake kawo mai. Idan ta tsaya a nan, bawul ɗin cikin famfo ne yake sakin mai baya. Idan kuwa an matse duka biyun amma allura ta ci gaba da sauka, to wani nozul ne yake ɗiga a cikin injin. Wannan shi ne zatona mafi ƙarfi, domin nozul mai ɗiga yakan cika manifol da mai bayan an kashe mota, shi ya sa take gardama da zafi. A kwance fulogin huɗu a jera su bisa tsari: wanda ya yi baƙi da gawayi ko ya jiƙe shi zai nuna silindar, idan kuma duk huɗun sun yi baƙi, a duba nozul na biyar.

Yana yiwuwa duk waɗannan alƙaluma su fito daidai, kuma idan haka ta faru a bar maganar mai gaba ɗaya. A cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba yayin da injin yake silo. Silindar da aka cire mata waya amma sautin bai canja ba, ita ce matacciya, sai a duba wayarta da murfin dilko. A lanƙwasa babban tiyon iska da ke tsakanin ma'aunin iska da bakin totur, domin yakan tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya gani, kuma iskar da ta shiga ta nan ba ta cikin lissafin kwamfutar motar. Bawul ɗin EGR, wanda yake mayar da ɗan hayaƙi cikin injin, shi ma yana kawo irin wannan karkarwa idan gawayi ya hana shi rufewa.

Akwai kuma saitin bawul, wanda a wannan injin ake yi da sifana da sukudireba yayin da yake da zafi: milimita 0.20 ga na shigar iska, 0.30 ga na fitar hayaƙi. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sosai, a silo sai matsi ya zube, kuma idan aka bar shi haka yakan ƙone. Bayan saiti a auna matsin kowace silinda, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce 14 psi. Idan gejin mai ya tabbatar da ɗigar nozul, ka zare sandar awon baƙin mai ka shinshina, kuma in ka ji fetur a jikinta ka juye baƙin man tare da gyaran, domin man da fetur ya tsinka ba ya kare metal da ringi.