Ifoksi ya yi tauri, amma da rana ta buga shi sai ya saki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, furojet ɗina na ƙarshe kan allon faiba gilas ne da ifoksi, wato gam ɗin nan da ake kwaɓawa da hadana, sinadarin da ke sa shi ya kama. Na kwaɓa na shafa, bayan kwana biyu ya yi tauri har in ka ƙwanƙwasa shi ƙara yake, amma da na mance shi a bayan mota da rana sai na tarar ya lanƙwashe. Takardar da ta zo da kayan cike take da lambobi irin su ASTM D1652 da D7028, ni ban gane kansu ba, sufabaiza kuma cewa kawai ya yi in kai samfur lab. Wane gwaji zan ce a yi min? Ko dai in ƙara hadana ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta ƙarshen don ita ta fi ɗaga min hankali: kar ka ƙara hadana. Wannan ɗabi'ar daga masu aiki da foliyesta aka gado ta, can in ka ƙara ɗigon sinadarin sai ya yi saurin kamawa. Ifoksi ba haka yake ba, shi aure ake ɗaurawa ɗaya da ɗaya, kowane hannun ifoksi yana neman haidirojin guda na hadana, duk wanda ya yi saura kuma zama zai yi a ciki yana tausasa maka allo.

Nan D1652 ɗin ke shigowa. ASTM ƙungiya ce a Amurka da aka kafa tun 1898, aikinta rubuta yadda ake gwada kaya, takwararta ISO kuma tana Janeba, a wajenta gwajin nan sunansa ISO 3001. Ana narkar da ɗan ifoksi a riƙa ɗiga masa asid har a gano giram nawa ne ke ɗauke da ma'auni guda na hannayen nan, shi ne EEW da kake gani a takardar. Ifoksin ruwa na yau da kullum yana tsakanin 182 da 192. A ce naka 188 ne, hadana kuma irin wadda ake kira IPDA ce, wadda giram 42.6 nata ke ɗauke da ma'auni guda na haidirojin ɗin, sai ka ninka 42.6 da 100 ka raba da 188, ya ba ka kusan giram 23 a kowane giram 100 na ifoksi. Giram fa na ce, a kan sikeli. In da kofi ka auna alhali kamfani da nauyi ya rubuta, to tun daga nan aka bar hanya.

Amma ni zargina ya fi karkata ga zafi. Kowane ifoksi da ya kama yana da wani mataki da ake kira Tg, ƙasa da shi yana nan kamar gilashi, da ya haura sai ya fara zama kamar roba. Wanda aka bari ya kama da kansa a ɗaki yawanci Tg ɗinsa bai wuce digiri 50 zuwa 60 ba, mota kuwa in an rufe ta a rana tana haura 60 ba wani wahala. Ka ga ai ba sihiri a ciki. Abin da ke faruwa shi ne yana cikin kamawa sai ya sandare, sinadaran da suka rage ba su da halin motsawa su haɗu, a hannu ka ji shi garau amma a ciki aikin bai ƙare ba. Shi ya sa na jiragen sama da yawa a digiri 180 ake gasa su.

To gwajin da za ka fara nema shi ne DSC, wato na injin da ke auna zafin da samfur ke sha ko fitarwa. Ɗan ɓalli za a cira daga allon, miligiram 5 zuwa 10, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a matse shi cikin wani ɗan mitsitsin kwanon alminiyam a riƙa ƙara zafi digiri 10 a minti. A allon kwamfuta za ka ga layin ya ɗan yi matakala, nan ne Tg, in kuma bayan matakalar ya taso ya yi tudu to ifoksin naka ne yake ƙarasa kamawa a cikin injin, ya tona kansa kenan. Ka ce a sake zagaye na biyu da samfurin, in Tg ya tashi sosai to gashi kawai yake so, in kuma ya tsaya can ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, awonka ne ya kauce ko ba ka juya da kyau ba. Lambarsa D3418 ko ISO 11357.

D7028 shi ma Tg yake nema amma da injin DMA, wanda ke lanƙwasa siririn yanki sau ɗaya a daƙiƙa yana ƙara zafi digiri 5 a minti. Abin da ke ba ni haushi a rahoton ɗalibai, har da wasu manya wallahi, shi ne a rubuta Tg 85 a yi shiru. Da wane inji? A wane gurbi na layin aka karanta? Ko a DMA ɗin kansa, inda ƙarfi ya fara faɗuwa da inda wani layin na daban ya kai ƙololuwa suna iya bambanta da digiri goma ko fiye, samfur ɗaya fa.

Sauran kuma in lokaci ya ba ka. D3039 jan allon ne har ya tsinke, aƙalla samfur biyar, kuma kar ka yarda a yi maka da D638, wancan ya fi dacewa da ifoksi zalla mara faiba. D2344 gajeren yanki ake dannawa a ga ko shimfiɗun za su rabu, yana saurin fallasa kumfar iska. D2584 kuwa ƙona samfurin ake yi a digiri 565 ifoksi ya tafi gilas ya rage a auna, amma ban da faibar kabon don ita ma ci za ta yi.

Kafin ka je lab ka yanko guda biyu daga allo ɗaya, ka gasa ɗaya a zafin da takardar kamfanin ta ce, ɗayan ka bar shi yadda yake, ka rubuta awo da awannin kowanne a jikin ledarsa. In za ka yanka ka sa safar hannu da takunkumi, ƙurar wanda bai gama kamawa ba tana sa ƙaiƙayin da ba ya jin magani da wuri. Su biyun nan ka kai wa DSC, ka turo min layukan in sun fito mu duba tare.